Yadda Ake Ɗora wa Tsohuwar Landiroba Giyar Ƙari Don Doguwar Tafiya

Duk wanda ya taɓa fitar da tsohuwar Landiroba daga Kano ya nufi Kaduna ya san inda labari yake canzawa. A cikin gari babu abin da ya dame ta, a hanyar gona kuwa ita ce sarauniya. Amma da ka wuce Kwanar Dangora, kwalta ta miƙe, allura ta taɓa kilomita 80, sai inji ya fara kururuwa kamar ana yanka shi. Na kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, hannunka kuma ya yi ta lalube yana neman giya ta biyar, alhali babu ita. Motar da nake magana a kai ita ce Series IIA da Series III, waɗanda aka ƙera daga 1961 zuwa 1985, irin waɗanda 'yan sanda da malaman gona da asibitocin karkara suka yi ta yawo da su a ƙasar nan. Tawa gadon kawuna ce, Series III doguwa mai shan fetur, kuma na shafe shekaru ina jin kukan nan kafin na yi mata magani.

Maganin shi ne abin da masu sayar da kayan mota ke kira overdrive. Ni a nan zan kira ta giyar ƙari. Wani ɗan ƙaramin akwatin giya ne da ake ɗaurawa a bayan taransifa, wato akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya, ƙarfin da ya fito daga giyabos kuma ya bi ta cikinsa kafin ya shiga taransifa. Aikinta guda ɗaya ne: ta sa mota ta yi gudun da ta saba yi, inji kuma yana juyawa ƙasa da yadda ya saba.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka kashe ko kwabo

A giya ta huɗu, sandar da ke fita daga giyabos tana juyawa daidai da inji, ɗaya da ɗaya. Taransifa tana da zango biyu, babba na kwalta da ƙarami na mummunar hanya; a babban zango tana rage juyin da kusan 1.15, haƙoran cikin aksil kuma su sake rage shi da 4.7. Idan ka ninka su, sai inji ya juya kusan sau 5.4 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Tayar doguwar Landiroba, 7.50 x 16, tana cin kusan mita biyu da rabi a kowane zagaye. Ke nan a kilomita 80 inji yana juyi wajen 2,900 a minti, a kilomita 100 kuwa wajen 3,600. Gajeriyar mai ƙananan tayoyi ta fi haka wahala. Injin nan mai lita 2.25 ƙarshen ƙarfinsa yana wajen juyi 4,000 ne, to ka ga a babbar hanya kullum yana dab da iyakarsa, sa'o'i uku ko huɗu babu sararawa.

Giyar ƙari ta kamfanin Fairey, wadda ita ce aka fi samu, tana ninka wannan lissafi da 0.782. Juyi 2,900 ya koma wajen 2,250, na 3,600 ya koma wajen 2,800. Za ka ji wani ya ce tana ƙara kashi 28 cikin ɗari, wani ya ce kashi 22, har su yi ta musu. Duk gaskiyarsu: a juyin inji iri ɗaya gudu yana ƙaruwa da kashi 28, a gudu iri ɗaya juyin inji yana raguwa da kashi 22.

Wannan na biyun shi ne dalilin sayenta. Ina nanata haka saboda na ga masu zaton za ta mayar da Landiroba motar tsere. Injin fetur ɗin ƙarfin dawaki wajen 70 gare shi, na gas kuwa wajen 60, gaban motar kuma a miƙe yake kamar bango, iska ce ke tare ta tun kafin inji ya gaji. Ga birki na ganga a duk tayoyi huɗu, ga sitiyari mai wasa. Abin da za ka samu shi ne sauƙin ƙara, sauƙin zafi, ɗan rangwamen mai a doguwar tafiya, da injin da zai daɗe bai nemi a buɗe shi ba.

Me ya sa Landiroba na zaɓa ban ɗauki wata tsohuwar mota ba? Saboda a jikinta ne aikin ya fi sauƙi. Motocin Ingila irin su MGB da Triumph, da tsofaffin Volvo, suna amfani da giyar ƙari ta Laycock da aka ƙera a Sheffield, mai aiki da matsin mai da makunnin lantarki. Ita wannan tana buƙatar sandar giyabos ta musamman, don haka yawanci giyabos ɗin gaba ɗaya ake canzawa. Mai Fijo 504 kuwa, hanyarsa ita ce ya nemo giyabos mai giya biyar ya huta. Landiroba ce aka bar mata ƙofa a bayan taransifa, inda aka tanada don jona injin ban ruwa ko wani kayan aikin gona, kuma ta wannan ƙofa giyar ƙari take shiga. Ba a yanka farfela, ba a taɓa shasi, ba a ja waya ko ɗaya. Sai dai Series III mai injin V8 da kuma samfurin nan mai ɗaukar tan guda akwatunansu daban ne, bayanin nan bai shafe su ba.

Zaɓen wadda za ka saya

Fairey ta fito ne daga Tavistock a ƙasar Ingila a shekarun 1970, don haka duk wadda za ka samu yau ta sha aiki. Akwai sabuwa mai suna Roamerdrive da ake yi a Kanada, wadda ta fi shiru kuma take shan mai ɗaya da taransifa, amma kuɗinta da na dako da na kwastan ba wasa ba ne. Mafi yawanmu tsohuwar Fairey za mu nema, ko a jikin mushen wata Landiroba a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko a yi odarta daga waje.

Kada ka biya sai ka riƙe ta a hannu, ko an nuna maka hotunan da ka nema. Buɗe murfin sama ka leƙa haƙora: idan akwai ɓantare ko sun yi shuɗi saboda zafi, bar ta. Juya babban haƙorin da ke gaba da hannu, ka saurari boris, kada ka ji gurnani ko tsalle. Tura sandar canji gaba da baya, ya kamata ta tsaya daram a wurare uku. Cire notin zubar da mai ka murza abin da ya fito a yatsa. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai, amma gutsattsarin ƙarfe labari ne daban.

Sai abin da ya fi komai. Akwai wani gajeren bututun ƙarfe mai haƙora ciki da waje, da boris a kansa, wanda takardun kamfani ke kira clutch sleeve, ni kuma nake ce masa bututun haɗi. Shi ne yake hawa kan sandar giyabos ya miƙa duk ƙarfin inji ga giyar ƙari ta wasu ƙananan haƙora. Sau da yawa masu kwance kaya suna zare akwatin su bar bututun a jikin motar, mai saye bai sani ba sai ya zo ɗaurawa. Ka tambaye shi da sunansa. Idan an ba ka, duba haƙoran waje da na cikin sandar da yake shiga. Masu lafiya kawunansu a faffaɗe suke. Idan sun yi tsini kamar haƙorin zarto, sun kusa shafewa, kuma ranar da suka shafe mota za ta tsaya cak a duk giyar da ka sa, inji yana ta juyi a banza. Bututun ana samun sabo da sauƙi. Sandar ciki ita ce mai tsada, ita za ka fi zuba wa ido.

Tabbatar kuma an haɗa maka da liba, da ƙarfen da take zama a kai, da sandar da ke jona ta da akwatin. Ana iya ƙera su a wajen mai walda, amma ɓata lokaci ne.

Gyara motar tukuna

Giyar ƙari ba ta warkar da mara lafiya. Idan giyabos yana fitar da giya da kansa, ko kuloci yana sulɓi, ko inji ba ya iya jan giya ta huɗu da kyau a ɗan hawa, fara da waɗannan. Injin da ya gaji ba zai iya jan giyar da ta fi tsawo ba, sai ka tarar kana taka totur har ƙasa, man da ka zo ragewa ya ƙaru. A duba birki, a ɗaure wasan sitiyari, a duba boris ɗin farfela. Tayoyin da suka shekara goma suna shan rana, ko da zanensu bai goge ba, a canza su.

Kayan da za ka tanada: sabon gasket, sabuwar washa mai kunnuwa irin ta giyar ƙari (ta fi ta asali ƙanƙantar kunne, don kada ta gogi sandar da ke rufe ta), giris mai moli (wato mai sinadarin molybdenum), man giya EP90, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da soket na musamman mai haƙora da ke kama notin sandar giyabos. Sifanonin inci za ka nema, na milimita suna cinye kan notin motar nan. Man giya kuwa na fi son mai lamba GL4, saboda akwai zoben tagulla a ciki.

Aikin kansa

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sa waigi gaba da bayan taya, cire kan batir. Ɗauke kujerar tsakiya da farantin da ke ƙarƙashinta. Daga nan za ka ga bayan taransifa a fili, kuma rabin aikin daga sama za ka yi shi, rabi daga ƙasa. Wanke wurin da kananzir kafin ka kwance komai, don ƙasar da ta taru a nan ta shekaru ce, kuma ba ka so ta faɗa ciki. Tunda ka zo nan, zubar da tsohon man taransifa, lita biyu da rabi take ci.

Za ka ga wani zagayayyen murfi a baya mai noti shida. Ɗaya daga cikin kusoshinsa yana riƙe da maƙalin wayar mitar gudu, lura da wanne ne. Kwance su ka zaro murfin tare da boris ɗin da ke cikinsa. Cire murfin saman taransifa ma, don ka riƙa ganin abin da kake yi. Yanzu ga ƙarshen sandar giyabos, ga noti mai tsaga, ga washa an lanƙwasa kunnenta cikin tsagar, ga babban haƙori a bayansu.

Miƙe kunnen washar. Sa giya ta ɗaya, ja birkin hannu, ka kwance notin da soket ɗinsa. Zaro abubuwan ɗaya bayan ɗaya ka jera su a kan tsumma yadda suka fito, ka ɗauki hoto da waya. Haƙorin nan da murfin baya su kaɗai ne za su bar motar. Abin da ke bayan haƙorin a kan sanda ka bar shi inda yake, siririyar washar da ke gabansa kuma za ta koma. Toshe ƙasan ramin da tsumma mai tsabta yayin da kake wannan, domin washa ɗaya ta suɓuce ta faɗa cikin taransifa, aikin yini ya zama na kwana biyu.

Goge sandar, duba haƙoranta, ka zura bututun haɗi, haƙoransa na waje suna kallon baya. Mayar da siririyar washa, sa sabuwar mai kunnuwa, sa noti.

A nan zan tsaya, ɗan'uwa, domin a nan na taɓa yin kuskure. Karon farko ba ni da soket ɗin, sai na yi abin da ake yi a gareji da yawa: kurfi da guduma, na buga har na ga kamar ya ɗauru. Bayan 'yan watanni na fara jin wani ƙwas duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa. Da na buɗe, noti ya saki, bututun yana rawa a kan sanda, haƙoransa sun fara cinyewa. Sabon bututu na saya, na kuma yi sa'a abin bai kai ga sandar ciki ba. Notin nan ana ɗaure shi da awo, fam-ƙafa 100, wato kusan Nm 135, kuma guduma ba ta san wannan lamba ba. Idan babu soket ɗin a kasuwa, mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya fitar maka da shi daga tsohon soket, ka kai masa notin ya gwada. Da yake yanzu babu haƙorin da ke haɗa sandar da tayoyi, birkin hannu ba zai riƙe maka ita ba. Bar ta a giya ta ɗaya inji ya riƙe, idan kuma ya soma juyawa, wani ya kama notin gaban inji da sifana. Idan awo ya cika, duba kunnen da ya dace da tsaga ka lanƙwasa shi ciki sosai. Idan babu wanda ya dace, ƙara ɗauri kaɗan har ya dace, kada ka sassauta. Shafa yatsa a kewaye ka tabbatar babu kunnen da ya ɗago.

Cika haƙoran bututun da giris mai moli, kada ka yi rowa. Mai ba ya isa wurin nan yadda ya kamata, giris ɗin da ka sa yau shi ne abincinsa na tsawon lokaci. Cire tsumman da ka toshe rami.

Goge fuskar taransifa, ɗora gasket a kan kusoshi. Ɗago giyar ƙari daga ƙasa, wani yana sama yana karɓa yana saitawa, don tana da nauyi kuma wurin a matse yake. Tura ta a hankali. Abu biyu ne za su shiga lokaci guda: haƙoran bututu cikin sandarta, da babban haƙorinta cikin haƙorin tsakiya na taransifa. Galibi takan tsaya saura kaɗan. Kada ka ja ta da noti, kada ka buge ta, gangar jikinta alminiyon ce, tsagewa take yi. Ta ramin sama juya haƙorin kaɗan, ko ka sa a ɗan jijjiga motar, za ka ji ta faɗa da kanta har fuska ta haɗu da fuska. Sannan ka sa noti shida, ka mayar da maƙalin wayar mita, ka ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan. Wasu daga ciki sai da siririyar sifana da haƙuri.

Saura liba. Ɗaure ƙarfen da take zama a kai a jikin giyabos, sannan ka auna inda za ta ɓullo a murfin da ke tsakanin ƙafar direba da ta fasinja. Gwada da kwali kafin ka huda ƙarfe, ka kuma tabbatar ba za ta yi karo da libobin taransifa biyu, ja da rawaya, ba, ko ta daki gwiwar wani. Jona sandar haɗi da fil ɗinta, ka daidaita tsawonta yadda liba za ta kai ƙarshen tafiyarta gaba da baya ba tare da ta taɓa bakin ramin ba. Libar da ba ta kai ƙarshe tana barin giya rabi a ciki, ita ce ke sa ta fita da kanta a kan hanya. Sa robar da ke rufe ramin, in ba haka ba zafi da ƙura za su dame ka.

Mayar da murfin saman taransifa, cika ta da mai. Ita kuma Fairey manta daban yake, ba ya haɗuwa da na taransifa, kuma bai kai rabin lita ba, kusan lita 0.4 ne kacal. Zuba EP90 har alamar da ke jikin gejinta. Kada ka wuce, yawansa yana sa zafi da yoyo.

Gwaji da yadda ake tuƙa ta

Libar tana da matsayi uku: a kashe, firi a tsakiya, da a kunne. Fara tafiya tana kashe, ka zaga unguwa ka saurara. Sannan ka hau kwalta, a giya ta huɗu wajen kilomita 60 zuwa 65, taka kuloci kamar yadda kake canza kowace giya, tura liba da natsuwa, saki kuloci. Za ka ji inji ya sauke murya. Mitar gudu ba ta buƙatar gyara, domin daga bayan taransifa take karatu, bayan duk wani canji ya riga ya faru.

Fairey tana da ɗan siririn kuka ko da lafiyarta ƙalau, haƙoranta ne haka. Kukan da ke ƙaruwa mako bayan mako, ko gurnani, shi ne abin tsoro. Bayan tafiyar rabin sa'a tsaya ka leƙa ƙasa. Za ta yi zafi, wannan ba laifi ba ne, yoyo kake nema da warin ƙonannen mai.

Da yake ƙarfin inji yana bi ta cikinta kafin ya shiga taransifa, a ƙa'ida tana aiki a kowace giya da kowane zango. Ni dai a ta uku da ta huɗu kawai nake sa ta. Tashi daga tsaye, jan tirela, yashi, laka, duk a kashe, saboda a ƙananan giya ne ƙarfin murɗawa ya fi yawa, kuma a kan waɗannan ƙananan haƙoran bututu yake sauka. Akwai wata riba da ban yi zato ba sai da na hau Hawan Kibo a hanyar Jos. Giya ta uku a Series III 1.5 ce, tsakaninta da ta huɗu akwai rata babba. Ta uku da giyar ƙari tana ba da kusan 1.17, a cikin ratar nan, inda ta huɗu ta gaza ta uku kuma ta yi ihu. A gangara kuwa kashe ta tun daga sama, don inji ya taya birkin ganga riƙe motar. Idan gudu ya sauka ƙasa da 55 a ta huɗu, ko ka ji inji yana ƙwanƙwasa, fitar da ita.

Kula da wurin ajiye mota. Idan yaro ya taɓa libar ta koma firi, giyar da ka bari a ciki ba ta riƙe komai, birkin hannu kaɗai ya rage.

Canza manta bayan kilomita 800 na farko, ka sake bin noti shidan nan da sifana. Daga nan ni ina duba geji kowane mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya, ina canza man duk lokacin da na canza baƙin mai. Abin da bai kai rabin lita ba, yoyon cokali biyu a rana ya isa ya ƙarar da shi kafin wata ya ƙare. Idan ka ga manta yana raguwa babu ɗigo a ƙasa, duba na taransifa: idan shi yana ƙaruwa, silin da ke tsakaninsu ya mutu, a canza shi.

Tsohon haƙorin da ka cire, da murfin baya da boris ɗinsa, da washa mai kunnuwa irin ta asali, da gasket guda, da soket ɗin nan, naɗe su a tsumma mai mai ka sa a akwatin da ke ƙarƙashin kujera. Idan giyar ƙari ta ba ka matsala tsakanin Zariya da Kaduna, kai da kowane bakanike na bakin hanya za ku iya sauke ta ku mayar da motar yadda kamfani ya yi ta cikin sa'o'i biyu, ka ƙarasa gida da giya huɗunka.